Shekarun da Inna Ta Yi da Ciwon Suga

A Wara na girma, a wani gida da ke kan gangaren da ya nufi bakin ruwa, inda hayaƙin bandar kifi ba ya yankewa daga hantsi har la'asar. Sana'ar Inna ke nan, mahaifiyata. Takan sayi ɗanyen kifi a hannun masunta, ta farke shi, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, sannan ta jera a kan waya bisa wata tsohuwar gangar ƙarfe da aka yanke biyu. Kayanmu duka sun kama ƙamshin hayaƙin nan. Ko bayan na zama malamar firamare, da na shiga ofis sai abokan aiki su ce, "Malama ta iso, mun ji ta tun daga ƙofa."

Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Da na gama sai na dawo gida, aka ba ni aiki a nan garin, muka zauna mu biyu da Inna.

Akwai ta uku da ba a gidan take kwana ba, amma kamar 'yar gida ce. Bakambariya ce, Kirista, daga wani ƙauye a kan tudu ta wajen Ngaski. Tun kafin a haife ni take sauko da dawa da gyaɗa ranar kasuwa, ta sauka a wurin Inna, ta koma da kifin banda. Ba jini ya haɗa mu ba, amma Goggo nake kiranta, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Ita da Inna kuwa "'yar'uwa" suke ce wa juna, kuma ban taɓa ganin sun zauna minti goma ba tare da gardama ba.

Goggo ce ta fara faɗa. Wata ranar kasuwa ta tsaya tana kallon Inna tana sake ɗaura zane karo na uku, ta ce, "'Yar'uwa, kin rame. Zanen nan ba ya tsaya miki."

"Zahi ne," in ji Inna. "Wanga zahi na bana ko icce sai ya rame."

Ni ma na ga abubuwa, sai dai ban haɗa su wuri ɗaya ba. Inna ta koma shan ruwa kamar wadda ta dawo daga noma, moɗa bayan moɗa, randarmu ba ta kai azahar. Ƙayar kifin kurungu ta soke ta a babban yatsa, ciwon da a da kwana uku yake warkewa, ya yi sati biyar yana ruwa. Tururuwa kuma ta addabi makewayi. Da na gaya wa Goggo wannan na ƙarshe, sai ta ce, "Ki kai ta asibitin Yelwa."

Sai da muka yi sati muna ja kafin Inna ta yarda. Muka shiga motar safe ba ta ci komai ba, domin an ce mini haka ake so. A asibiti aka ɗebi jini, muka jira, likita ya duba takarda ya ce ciwon suga ne.

Inna ta riƙe haɓa. "Ni? Ni da ban damu da zaƙi ba?"

Na sunkuyar da kai don kada in yi dariya. Cokali huɗu na sukari take zuba wa shayinta, kuma lokacin rake ba a raba ta da shi.

Likita ya rubuta magani, ya tura mu wurin wata nas, dattijuwa mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista. Ita ce ta zama malamarmu a duk shekarun da suka biyo baya. Ƙwayar fara ce, babba, a jikin kwalin an rubuta metfomin, amma Inna ba ta taɓa kiranta da wannan suna ba. "Babbar" take cewa. Sista ta yi bayani mai yawa a ranar, sai dai hankalin Inna yana kan kifin da ta bari a gida, nawa kuma yana kan kalmar suga da ta tsorata ni. Kaɗan muka kwaso.

Satin farko ya yi mana wuya. Inna ta ɗauka kowane magani da sassafe ake shan shi kafin a sa komai a baki, don ya fi kama jiki. Haka ta yi ta yi. Cikinta ya ɗauki ƙugi, ga tashin zuciya, ga zawo, ta ce bakinta kamar ta tsotsi ƙusa. A rana ta shida na ga ta warware, har tana waƙa a bakin banda, na yi murna. Sai da na je ɗauko ashana a wani ramin bango kusa da wutar na tarar da ƙwayoyin a cushe a can, falle guda ba a taɓa shi ba.

"Inna, yaushe rabonki da shan magani?"

Ba ta ko juyo ba. "Wanga magani shi ne ciwon. Da nib bar shi ga ni lahiya lau."

Ban yi mata faɗa ba, don na san ba za ta ji ba. Na nemi izini a makaranta, na ce mata za mu je Yelwa sayen gishiri da waya sabuwa ta banda. Daga tasha na sa mai kabu-kabu ya sauke mu a ƙofar asibiti. Ta harare ni, amma ta shiga.

Sista ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta tambaya, "Hajiya, da me kike shan ta?"

"Da ruwa mana. Da mi aka shan magani?"

Sista ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce wannan ƙwaya ba ta son ciki wayam. A tsakiyar cin abinci ake haɗiye ta, loma ta riga ta, loma ta bi bayanta. Ta shiga ta yi magana da likita, ta fito ta ce an yarda Inna ta koma guda ɗaya a rana tare da tuwo, bayan sati biyu a ƙara, har cikin ya saba. Ta ce in an manta ba a sha ba, kada a haɗa biyu don a rama, a ci gaba kawai da na gaba. In kuma wata rana amai da gudawa suka kama ta har ba ta iya riƙe ruwa, ta dakata da ƙwayar a kawo ta asibiti a ranar, kada a jira. Da na faɗi inda na tsinci maganin, Sista ta dafe kai.

"Kusa da wuta? Kifi kike so ki mayar da shi?"

Daga ranar ƙwayoyin suka koma ɗaki, cikin wani gwangwanin madara mai murfi, a saman jeren kwanonin Inna, inda zafi da laima ba sa kaiwa.

Wata uku bayan nan yatsan ya warke, ƙishirwar ta tafi, kumatun Inna suka dawo. Na tuna da daminar wannan shekara sosai. Mukan zauna a rumfa da yamma, ruwan tafki ya cika har ya taɓa gindin bishiyoyin bakin gaɓa, jiragen masunta suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tuwon dawa muke ci da miyar kuka ko ta yakuwa, malmalar Inna ta ragu zuwa rabi, kifi da ganye sun ƙaru. Takan kai loma uku, ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba, in sa mata babbar a tafin hannu. Ta haɗiye, ta yi tsaki, ta ci gaba da ba ni labarin tsohon garinsu da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, inda masallaci yake, inda rimin kasuwa yake, duk yanzu a ƙarƙashin inda jirage ke wucewa.

Sau ɗaya bayan nan ta sake son ta daina. Wani mai maganin gargajiya ya zo kasuwa da lasifika yana cewa garinsa na kashe suga cikin kwana bakwai, Inna ta dawo da ƙulli ɗaya. Ta ce ai ta warke ma, wannan na share saura ne. Na ce to, mu kai wa Sista ta gani tukuna. Sista ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta ce ita ba ta san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma wataƙila bai sani ba, kuma ƙodar Inna ba wurin gwaji ba ce. Ta ce, "Lafiyar nan da kike ji, Hajiya, ƙwayar ce ke riƙe da ita. Ciwon yana nan, kwanciya ya yi." Inna ta bar mata ƙullin a kan tebur.

A shekara ta uku awo ya nuna sugan yana hawa duk da babbar. Likita ya ƙara wata ƙwaya, 'yar mitsitsiya, wadda ake sha dab da karin kumallo. Wannan ta zama "ƙaramar". Sista ta zaunar da mu ta ce halin ƙaramar daban ne. Tana sauke suga ko an ci ko ba a ci ba, saboda haka in an sha ta dole abinci ya biyo baya nan take. In sugan ya faɗi ƙasa da kima, za a ga gumi, da rawar jiki, da yunwa, mutum ya rikice kamar ba shi ba. Ta ce a riƙa ajiye sukari kusa, a gida da kan hanya.

Na ji wannan magana da kunnena, amma ban yi aiki da ita ba. Na san Inna da shayi. Na ce a raina in na bar sukari a gidan, a kofi zai ƙare. Tun shekarar farko na kawar da shi, har ina alfahari da cewa ko tururuwa ta yi fushi ta bar gidanmu.

Wata Asabar ce da kaka. Goggo ta sauko tun ranar Juma'a ta kwana a wurinmu, domin tana so ta bi Inna zuwa wata tunga ta masunta a tsallaken ruwa, inda wata ɗiyar ƙanenta ke aure. Ni ma babu makaranta, na ce zan je. Da safe Inna ta sha ƙaramar, ta ɗora ruwan koko. Kafin ya tafasa sai mai jirgin da ya saba kai ta, wani dattijo daga cikin Gungawa, ya yi sallama daga ƙofa ya ce masunta sun fito da wuri, in ba mu hanzarta ba 'yan Yelwa za su kwashe manyan kifin. Inna ta sauke tukunya ta ɗauki kwando. Ina cikin ɗaki ina neman mayafi, ban san ba ta sa komai a baki ba.

Safiyar tana da sanyi, ruwan a kwance. Mun yi tafiyar da ta kai awa ɗaya, gaɓar Wara ta zama siririn layi a bayanmu, sai Inna ta fara faɗa. Ta ce mai jirgi ya bi ta hanyar da ba ita ba. Ta ce Goggo ta taka mata kwando, alhali kwandon yana kan cinyarta. Goggo ta buɗe baki za ta rama kamar kullum, sai ta tsaya.

"Ɗiyata, dubi goshinta."

Gumi ne yake tsiyaya, ya jiƙe kallabi, a safiyar da ni har na rufa da mayafi. Hannuwanta suna karkarwa a kan kwandon. Ta dubi Goggo ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina yarinya.

Mai jirgi ya rage inji, ya fara karanta addu'a. Ya ce wurin nan dama ba a cika wucewa lafiya ba, mutanen ruwa ne, wato aljanu, suka taɓa ta.

Na riƙe kafaɗarta. "Inna, kin sha ƙaramar?"

"Na sha."

"Kin sha koko?"

Ta yi ta kallona kamar tambayar tana da wuya. Nan take maganar Sista ta dawo mini gaba ɗaya. Na zazzage jakata, babu komai sai alli da goro. Na tambayi mai jirgi ko yana da sukari ko lemon kwalba ko alewa, ya ce sai ruwa da garin taba. Tunga tana gabanmu da nisan rabin awa, gida ya fi haka nisa.

Goggo ta jawo ƙunshinta tana kwancewa a hankali, ta fito da wata kwalba da aka toshe da totuwar masara. Zuma ce ta kan tudu, tsarabar da za ta kai wa ɗiyar ƙanenta. Ta riƙe ta a ƙirji ba ta miƙo ba.

"Ba ke kika hana ta zaƙi ba? Shekara uku ko rake ban kawo gidanku ba. Kada in kashe 'yar'uwata da hannuna."

"Goggo, yanzu rashinsa ne zai kashe ta. Ba ni."

Sista ta taɓa ce mana in mutum ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a ruga da shi asibiti. Amma Inna tana zaune, tana magana, tana haɗiyar yawu. Na tsiyaya zumar a murfin kwanon sha, kimanin cokali uku, na kai bakinta. Ta kau da kai ta ce an hana ta. Goggo ta matso ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta ce mata da irin Hausarta ta mutanen tudu, "Sha, 'yar'uwa. Ni ce na ba ki." Ta sha. Na bi da ruwa kaɗan.

Mai jirgi ya ƙara wuta ya nufi tunga. Ina riƙe da hannun Inna ina jin karkarwar tana raguwa, har ta tsaya. Bayan kamar kwata na awa ta ja dogon numfashi, ta dubi rigarta da ta jiƙe, ta dubi kwalbar.

"Wa ya buɗe zumar mutane?"

Goggo ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta kai mata duka a cinya.

A tunga, kafin a yi maganar kifi, ɗiyar ƙanen Goggo ta kawo ɗumamen tuwo da miyar kifin karfasa, na tsaya a kan Inna sai da ta cinye. 'Yan Yelwa sun kwashe manyan kifin ranar. Inna ta yi ta mita a kan haka har muka dawo gida, ni kuwa daɗin mitar nake ji.

Ranar Litinin muka je asibiti. Na faɗa wa Sista komai, har da yadda na hana sukari zama a gidan. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dube ni ta saman tabarau, wanda ya fi faɗa zafi. Likita ya rage ƙarfin ƙaramar, ya kafa wa Inna doka da ta riƙe har ƙarshen ranta: sai abinci yana gabanta, a cikin kwano, sannan ta ɓare ƙwayar. In babu abinci, babu ƙaramar. Ya ce kuma kafin azumi ta zo su zauna a tsara yadda za a yi, kada ta yanke wa kanta. A hanyar komawa na sayi sukari mai ƙwaya, Inna ta ƙulle guda huɗu a haɓar zaninta. Ban taɓa kama ta ta jefa ko ɗaya a shayi ba. Na kuma je na yi wa mai jirgi bayani, shi ma ya ajiye nasa a cikin gwangwani a ƙarƙashin mazauninsa, ko da yake bai fasa cewa mutanen ruwa suna da hannu a ciki ba.

Bayan shekara biyu Goggo ta fara ciwon kai da kasala da yawan fitsari. Ta zo wata ranar kasuwa ta ce wa Inna, a gabana, "Ciwonki ne ya kama ni. Ba ni ƙaramar nan guda biyar in gwada."

Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

"Ko rabi ba ni ba ki. Ke kinka ga abin da ta yi mini cikin jirgi, ni da anka auna anka ba. Ke wa ya auna ki?"

"Rowa ce kawai."

"Kira ta abin da kika so. Jibi mu tahi Yelwa."

Suka yi fushi na kwana ɗaya, suka tafi. Da aka auna, sugan Goggo daidai yake. Hawan jini ne da ita, da wani ciwon mara da aka ba ta maganin sati ɗaya ya wuce. Sista ta ce da ta sha ƙaramar a can kan tudu, ita kaɗai a gona, Allah kaɗai ya san yadda za a tarar da ita.

Sai ya zamana ranar masu suga da ranar masu hawan jini ɗaya ce a asibitin. Daga nan na huta da rakiya. Duk wata, Goggo takan sauko, su shiga motar safe su biyu, kowace da katinta a cikin leda da ragowar ƙwayoyinta don a gani. Sau ɗaya a shekara a duba wa Inna ƙoda da idanu da tafin ƙafa. In sun fito su gangara bakin kogi a Yelwa, su sayi gyaɗa dafaffiya, su zauna suna kallon ana sauke albasa daga jirage, suna kushe kifin bandar mutanen can. Da la'asar su dawo kowace tana ba ni labarin laifin ɗayar: wai Goggo ta ci gishiri, wai Inna ta kalli mai rake har sau biyu.

Shekara tara suka yi suna wannan tafiya. Inna ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya da ba ta suga ba, da idanunta da ƙafafunta lafiya, tana banda har watan da ta kwanta.

Wata guda bayan an yi sadakar arba'in, ranar asibiti ta zagayo. Ina shirin makaranta sai na ji sallamar Goggo. Ta tsaya a tsakar gida da ledar katinta a hannu, ta tsufa ƙwarai a 'yan makonnin nan. Ta ce ta zo har tasha, ta kasa shiga motar ita kaɗai. Na aika makaranta cewa ba zan zo ba, na ɗauki mayafi.

Sista ta riga ta yi ritaya, amma matan da ke kan benci sun san su. Wata ta matsa ta ba mu wuri, ta leƙa bayanmu, ta ce, "Yau ina abokiyar faɗan taki?"

Goggo ta zauna, ta gyara ledar a cinyarta. Ta ce, "Ta riga ni." Matar ta yi salati, sauran suka yi ta yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira lambar Goggo ta miƙe, ta kama hannuna ta ce in taso, tunda na zo, ni ma a auna ni.